Tsuntsayen Tsakar Gidan Inna

Agwagina ne suka fara mutuwa. Bazarar shekarar 2010 ce, ina aure a wani ƙauye na ƙasar Bukkuyum, shekarata ta huɗu ke nan a ɗakin miji. In na buɗe akurki da safe sai in tarar ɗaya ta miƙe ƙafafu, gobe kuma wata. Na ɗauka annobar kaji ce, na jiƙa musu ɓawon maɗaci a kasko kamar yadda ake yi. Bai hana komai ba.

A shekarun nan kusan kowane gida a garinmu ana aikin zinare. Maza su haƙo dutse a daji su kawo cikin buhu, a farfasa, a kai inji a niƙa, a dawo da garin cikin gida a wanke a shanya. Maigidana manomi ne, amma da rani shi ma yakan shiga. Ni da hannuna na sha dakan dutsen nan a turmi, a tsakar gidan da ɗiyata take wasa da ƙasa. Ba wanda ya san akwai dalma a cikinsa, ba mu ma san dalma tana da guba ba.

Ɗiyata tana da shekara biyu da 'yan watanni a lokacin. Ita ce ta fari, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai in ce "ke", ko in ce "yarinyar nan". Ta yi baki da wuri. Tana cewa ruwa, tana cewa baba, tana bin awaki tana yi musu tsawa. Sai ta fara amai da kasala, ta daina cin abinci. Muna jin labarin yara suna ta mutuwa a Yargalma, ba a daɗe ba abin ya iso unguwarmu. Ran wata Talata da hantsi jijjiga ta kama ta a bayana, ina goye da ita ina shara.

Ba zan tsaya ba da labarin asibitin Bukkuyum ba. Likitoci sun zo daga nesa, sun ɗebi jininta, sun ce gubar dalma ce. Mun yi makonni a can, ana buɗe ƙwayar magani ana zuba garin a cokali ana ba ta. Allah ya yi da sauran kwananta. Ta tashi, ta zauna, ta karɓi kunu. Amma ba ta ƙara cewa uffan ba. Ido kawai take bin mutane da shi, wani lokaci ma ba ta bin kowa.

Ranar da za a sallame mu, wata nas mai yawan fara'a ta zaunar da ni da maigidana, ta ce kada mu kuskura mu mayar da yarinyar gidan nan sai an kankare ƙasarsa an zuba sabuwa. Ta ce za a zo a yi, amma ba ta san yaushe layi zai iso kan garinmu ba. Maigidana ya murza hularsa, ya ce in tafi da ita Gummi wurin mahaifiyata, shi zai zauna ya kula da gona tunda an riga an yi shuka.

Haka na koma gidan da aka haife ni, da goyo da ƙullin kaya da ledar magani.

Inna tana zaune a sashen baya na gidan, tun rasuwar mahaifinmu. Sashen ba shi da girma. Ɗaki biyu ne, da madafi, da rijiya, da dogon yaro guda a tsakiya, sai magarya a jikin dangar da ta raba mu da wani kango mai yawan ciyawa. Inna tana soya ƙuli-ƙuli tana matse man gyaɗa, ana zuwa saye har gida. Tun ina ƙarama na san tana ajiye wani fasasshen kasko da ruwa a gindin magaryar nan, na kuma san tana magana da tsuntsaye in tana aiki. Ban taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba. A wurina ɗaya ne daga cikin halayen tsofaffi, kamar ɗaure kuɗi a bakin zani.

Makonnin farko ba ni da wani aiki sai kallon yarinyar. Tsorona ɗaya ne, kada ya zama ciwon ya kurmantar da ita. In ta ba ni baya sai in ɗauki murfin kwano in buga da cokali. Ba ta waiwayowa. In tafa hannu kusa da kunnenta, sai ta ɗan runtse ido, ban san ko ƙarar ta ji ba ko iskar hannun ce. Wata rana da azahar, ina zaton Inna ta yi barci, na durƙusa a bayanta na kira sunanta. Sunan da ban taɓa faɗa da bakina ba. Na kira sau ɗaya a hankali, na ƙara da ƙarfi, na ƙara. Tana ta wasa da bakin tabarma.

Da na ɗago sai na ga Inna a ƙofar ɗaki. Ba ta yi maganar kunyar ɗan fari ba, ba ta ma nuna ta ji ba.

Ta ce, "Bar ɗiyar ga ta huta. Taho ki kama mini surfe."

Na tashi na ɗauki taɓarya. Muna cikin surfen, hawaye na sauka mini, sai Inna ta tsaya ta karkata kai wajen rufin maƙwabta.

"Wa ka kuka can?"

Na ce, "Kurciya."

"Hasbiya ta. Ke ba ki ji muryar daga ƙirji take hitowa ba? Saurara."

Na ce, "Inna, ni yanzu ina ruwana da hasbiya."

Ta ce, "Ai na sani. Saurara dai."

Don kada in yi mata musu na saurara. Kukan yana da kauri, yana farawa ƙasa-ƙasa yana ƙara ƙarfi, kamar mutum yana nishi da kaya a kai. Jim kaɗan wata ta amsa daga kan dogon yaro, muryarta siririya mai taushi, tana gangarowa kamar ƙaramar dariya.

Inna ta ce, "To, wagga ita ta kurciya." Ta ci gaba da surfenta.

Daga ranar ta mayar da abin kamar darasi. Ba ta zaunar da ni ba, ba ta ce za ta koya mini komai ba. Aiki kawai take ba ni, wanda ba ya ƙarewa, kuma duk wanda na kama sai ta jefo tambayar nan. Ina shara da sassafe, wa ka kuka. Ina jan ruwa, wa ka kuka. Ina ɓarar gyaɗa, ina wanke tukunyar suya da toka, ina shanya. In na yi kuskure ta gyara, in na dace ba ta yabo, sai dai ta ce "uhm".

Ta gaya mini inda ta koya. Tana yarinya a ƙauyensu, ita ake ɗorawa a kan rumfar gona da kaka ta kori tsuntsaye daga gero. Daga fitowar rana har faɗuwarta tana can ita kaɗai da igiya da gwangwanaye. Dole ta san wanda ke zuwa ɓarna da wanda ke wucewa abinsa, in ba haka ba muryarta za ta dushe tun kafin azahar. Jan baki in sun taso ana jin su tun daga nesa kamar ruwan sama yana tahowa. Saura kuwa, ta ce, ba ta da abokan hira sai su.

A hankali kunnena ya fara buɗewa. Na gane cewa abin da nake ji a da kamar hayaniya guda, ashe jama'a ce, kowa da lokacinsa da wurinsa. Fakara ce ke fara tashi, can daga gonakin bayan gari, da murya mai kaushi kamar ana goga ƙarfe a dutse, daidai lokacin da nake hura wutar kunu. Sannan gwara su cika bakin rufi da surutu. In na fara bakace sai baiwar Allah su sauko, 'yan mitsi-mitsi jajaye, har kusa da ƙafata suna tsintar tsaki. Kukansu siriri ne ƙwarai, sai ka daina motsa faifai kafin ka ji shi. Marai sun yi sheƙa a dogon yaro, su kuwa ba sa shiru, in rana ta ɗaga sai ka rantse mai ake zuba wa albasa. Cilakowa yakan zo jefi-jefi, ya sauka a ƙololuwar bishiya, ya ɗaga dogon bakinsa sama ya yi ta fito. Shirwa ma tana da nata fiton mai rawa, amma kafin in ji shi kajin Inna sun riga sun shige ƙarƙashin rumbu.

Akwai waɗanda na daɗe ina rikitawa. Bardo da kurciya sun wahalar da ni, har Inna ta ce kunnena na katako ne. Wata rana kuma na ce mata ga wani sabon tsuntsu yana kuka a bayan madafi, ta saurara, ta ce ƙyauren maƙwabta ne iska ke kaɗawa. Ranar na yi dariya, karo na farko tun daga Bukkuyum. Na ji dariyar baƙuwa a bakina, har na waiga na dubi yarinyar kamar na yi mata laifi.

Ba zan ce damuwata ta tafi ba. Amma in hannuna yana aiki kunnena yana kan bishiya, sai in ga na yi rabin wuni ban buga murfin kwano ba.

Ranar da nake son ba da labarinta, damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai. An yi ruwa da asuba, gari ya waye da sanyi. Na tara wanki a bakin rijiya. Na shimfiɗa wa yarinyar tabarma a inda ƙasa ta ɗan bushe, ta zauna ta ba danga baya, tana juya wani murfin kwalba a hannu. Inna tana madafi tana suyar gyaɗa.

Sai wani kuka ya taso daga cikin ciyawar kangon nan. Na san shi, ragon maza ne, Inna ta nuna mini shi tun farkon damina. Kukansa kamar an kifa tulu ruwa yana fita, yana farawa sama yana gangarowa. Ina shirin in faɗi sunansa kafin a tambaye ni, sai na ga yarinyar ta daina juya murfin. Ta ɗaga kai. Ta juya wuyanta a hankali wajen danga.

Na tsaya da zani a hannu, kumfa na bin gwiwar hannuna. Na ce wa kaina ƙila ƙuda ne, ƙila wani abu ta gani. Tsuntsun ya yi shiru. Ta koma kan murfinta. Ban motsa ba, ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba, ina roƙon Allah a zuciyata ya sa tsuntsun nan ya ƙara. Can ya ƙara, wannan karon daga wajen magarya. Ta sake juyawa, kuma ba inda ta duba da farko ba, wajen magaryar ta duba. Har ta dafa tabarma ta leƙa.

Na ce, "Inna."

Daga madafi ta ce, "Na gani."

"Tana ji, Inna."

"Tana ji. Yau kwana ukku ke nan tana yi mai haka."

Na juyo na dube ta. Na ce don me ba ta gaya mini ba. Ta ci gaba da juya gyaɗarta, ta ce in ta gaya mini zan ɗauka lallashina take yi, gara in gani da idona. Sannan ta ce in ƙarasa wankin kafin hadari ya sake haɗuwa. Da na matsa kusa don ɗaukar bokiti na ga tana share ido da bakin kallabi, ta ce hayaƙi ne.

Da lokacin komawa asibiti ya yi, muka hau mota zuwa Bukkuyum aka sake ɗibar jininta. Na ba nas ɗin nan labari, na tambaye ta yadda yarinya za ta ji tsuntsu amma ta kasa jin kwano. Ta ce ita ma ba za ta iya ce mini ga dalili ba. Ta ce mai yiwuwa tun farko kunnen lafiya lau yake, kan ne ya gaji, yana dawowa a hankali, kuma yakan zaɓi abin da zai kula da shi. Ta ce in yi ta yi mata magana, ko ba ta amsa ba, duk abin da nake yi in riƙa faɗa mata.

Ni ba mai yawan magana ba ce, kuma ban san me ake ce wa yarinyar da ba ta amsawa ba. Sai na ɗauki hanyar Inna. In zan yi aiki in zaunar da ita kusa da ni. In wani ya yi kuka in ce, "Ke, wa ke kuka? Gwara ne. Ga su can a rufi." In kwaikwayi kukan, in nuna mata da hannu. Inna ta ce kwaikwayona ya isa ya kori tsuntsayen unguwar gaba ɗaya, sai ta karɓa ta yi da kanta. Tsohuwa mai jikoki, tana tsaye da ludayi a hannu tana kukan cilakowa. Masu zuwa sayen mai tun suna dariya har suka saba.

Yarinyar ta fara bin hannuna da ido. Bayan haka ta fara riga ni dubawa. In baiwar Allah sun sauko sai ta miƙa musu hannu, su tashi, ta bi su da kallo har su ɓace. Inna ta koya mata watsa musu tsaki. Hannunta na dama bai da ƙarfi sosai tun bayan ciwon, rabin tsakin a cinyarta yake zuba, tsuntsayen kuwa ba su damu ba, har kan tabarmar suke hawa.

Ana gab da girbi, wata safiya ina tankaɗe, kurciya ta yi kuka a kan dogon yaro. Ban ce komai ba don bakina yana riƙe da bakin mayafi saboda gari. Sai na ji daga gefena an ce, "Ku-ku."

Ƙasa-ƙasa ne, kamar mai gwada murya. Na ajiye rariya. Kurciyar ta sake, ita ma ta sake, tana kallon bishiya, ba ni take kallo ba. Wata huɗu ke nan rabon da in ji sautin da ya fito daga bakinta in ba kuka ba.

Inna ta fito daga ɗaki ta tsaya. Ta ce wa jikarta, "Ƙawata, ashe kin hi uwarki kunne."

Maigidana yakan zo duk bayan mako biyu a kan babur, ranar kasuwa. Yakan tsaya a zaure, in kai masa yarinyar, ya ɗora ta a cinya. Tun da abin ya faru ya rage magana. Bai taɓa ce mini laifinsa ne ba, ni ma ban taɓa ce masa ba, don ni na daka dutsen. Amma na san abin da ke cin sa, shi ma ya san nawa.

Zuwansa na gaba ban gaya masa komai ba. Na ce ya shigo ciki ya gaida Inna, ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar dogon yaro. Suka gaisa, ta tambayi gona, ya ce gero ya yi kyau, dawa ce ruwa ya ɗan yi wa yawa. Ya ce masu aikin kankare ƙasa sun iso garinmu, shi ma yana cikin waɗanda aka ɗauka, da shebur da buhu suke bi gida-gida. Ya ce turmina da taɓarya an tafi da su, ya riga ya yi wa masassaƙi maganar sababbi. Yana cikin bayanin kurciya ta yi kuka, yarinyar ta amsa daga cinyarsa.

Ya tsaya a tsakiyar magana. Ya sunkuya ya dube ta, ya dube ni.

Ya ce, "Yaushe?"

Na ce, "Kwana tara."

Ya ɗaga ta ya juyo da ita suna fuskantar juna. Ya ce mata, "Ƙara in ji." Ta ƙi, ta kama gemunsa. Ya jira, mu ma muka jira, kurciyar kuwa ta tashi ta tafi abinta. Ranar bai tafi da la'asar kamar yadda ya saba ba. Ya zauna a gindin bishiyar nan har rana ta yi sanyi, sai da wata kurciyar ta zo ya ji sau biyu, sannan ya yi wa Inna sallama.

Mun koma gida bayan an gama girbi. Na kusa kasa gane tsakar gidana. An zuba sabuwar ƙasa mai haske an daddaɓe, ba kaza, ba agwagwa, ba ko ciyawa ɗaya. Shirun ne ya fi damuna. A da ban taɓa lura da ko akwai tsuntsaye a gidan ba, yanzu kuwa rashinsu nake ji kamar an toshe mini kunne. Na nemi tsingaro na zuba ruwa na ajiye a jikin katanga, na riƙa watsa dusa a gefensa in na gama surfe. Maigidana ya kawo dashen dogon yaro da zogale ya kafa, ya kewaye su da ƙaya saboda awaki. Gwara ne suka fara zuwa, bayan kamar mako guda. Baiwar Allah sun ɗauki lokaci.

Maƙwabciyata ta jikin katanga ta rasa 'ya'ya biyu a ciwon nan. Da farko kunyarta nake ji, in zan yi wa yarinyar wasan tsuntsaye sai in rage murya. Wata rana ta leƙo ta ce in ina da daka in kira ta mu yi tare, ɗakinta ya yi mata faɗi. Muna daka, cilakowa ya yi fito daga kan tsamiyar bakin hanya, yarinyar ta ɗaga hannu tana nuna wajen. Maƙwabciyata ta tambaye ni me take nunawa, na gaya mata. Ta ce ita duk rayuwarta ba ta san cilakowa yana da murya irin wannan ba. Daga nan kusan kullum tana zuwa. Ba mu cika maganar abin da ya wuce ba. In ta yi shiru ya yi yawa sai in tambaye ta wa ke kuka, ta ce in bar ta, sannan ta faɗa. Bayan shekara biyu ta haifi namiji, ni na yi mata zaman jego na farkon kwanaki kafin 'yan'uwanta su iso.

Maganar ɗiyata ta dawo, amma da ɗaya-ɗaya. Bayan kukan kurciya, sai ta ce gwara, ta ce ruwa, ta ce Inna, sai daga baya ta ce baba, abin da ya sa mahaifinta ya ce ya ga matsayinsa, an sa shi bayan gwara. Bafulatanar da ke kawo mana nono daga rugar bayan gari takan zauna ta saurare ta tana kwaikwayon carkin da ke bin shanunsu, ta ce yarinyar nan ta iya yaren tsuntsaye kafin na mutane. Ba ta warke sarai ba, ba zan yi ƙarya ba. Hannun nan har yau ba ya riƙe abu mai nauyi. Ta shiga makaranta a makare, ƙannenta biyu da na haifa bayanta sun kamo ta a karatu, ɗaya ma ya wuce ta. Lissafi yana ba ta wuya. In an yi mata tambaya takan daɗe kafin ta amsa, waɗanda ba su san ta ba sai su ɗauka ba ta ji ba. Amma haddarta ta allo tana da kyau, malaminsu ya ce in ta ji aya sau biyu ta zauna.

Tana da kamar shekara tara, wata safiyar damina muna wanke-wanke ni da ita, ina saɓawa tana ɗauraye. Dogon yaron da mahaifinta ya dasa ya riga ya yi inuwa, zogalen ya haɗe da wata sarƙaƙiya a bayan katanga. Daga cikin sarƙaƙiyar wani tsuntsu ya yi fito mai daɗi, gajere, ya rufe shi da wani kaushi kamar an yaga ƙyalle. Na sha jin sa a Gummi. Inna ma ba ta san sunansa ba, mai jan ƙirji take ce masa.

Na ce, "Ga mai jan ƙirji ya zo gidanmu."

Ta riƙe kwano a hannu, ta yi shirun nan nata. Can ta ce, "Su biyu ne."

Na ce guda ne, haka kukansa yake, fito sannan kaushi. Ta girgiza kai. Ta ce mai fiton yana wajen zogale, mai kaushin yana ƙasa kusa da turken akuya. Na saurara, ni dai murya ɗaya nake ji, ba ko tazara a tsakani. Na ce ta ɗauraye kwanon nan kafin lokacin makaranta ya wuce.

Ta ajiye kwanon ta kama hannuna da jiƙaƙƙen hannunta. Muka taka a hankali har jikin katanga, na ɗora ta a kan turmi, ni kuma na yi ɗage. Mun daɗe ba mu ga komai ba sai ganye. Sannan na hango jan ƙirjin a tsakiyar zogale, baƙin baya, da rawaya a kai. Ya buɗe baki ya yi fiton. Kaushin kuwa daga ƙasa ya fito, inda wani irinsa sak yake tsaye a kan busasshen reshe. Suka sake yi a gabanmu, wannan ya fara wancan ya rufe.

Da yamma mahaifinta ya kira wayar yayana a Gummi aka kai wa Inna. Yarinyar ta karɓa ta yi mata bayani da kanta, a hankali, tana tsayawa tana neman kalma, ba wanda ya katse ta. Ta yi mata fiton, ta yi mata kaushin. Ina jin muryar Inna daga inda nake tsaye ina kwashe tuwo. Ta ce ita ba ta yarda ba, ta fi shekara sittin tana jin tsuntsun nan, guda na. Yarinyar ta ce biyu ne, ta gani, ni ma na gani.

Inna ta ce to, in an yi hutu a kawo mata ita Gummi ta nuna mata, kuma a taho da kuka da daddawa in akwai, tata ta ƙare.